Rijiyar burtsatse da bazara ake auna ta

A 2002 Farfesa Bernard Amadei na Jami'ar Colorado ya kafa reshen Amurka na ƙungiyar injiniyoyi masu aikin agaji, Engineers Without Borders, bayan aikin ruwan da ya yi da ɗalibansa a ƙauyen San Pablo na ƙasar Belize. Yanzu jami'o'i da dama na tura ɗaliban injiniya wata ƙasa lokacin hutu su yi wa ƙauye aikin ruwa. Abu ne mai lada, kuma namu ɗaliban na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ta Tarayya da ke Daura sun fi kowa cancantar shiga cikinsa. Sai dai aikin ruwa a ƙasar Katsina ya koya mana cewa niyya da lissafin aji ba sa isa, in aka yi awo a lokacin da bai dace ba.

Babban hutun Turai da Amurka daga Yuni ne zuwa Agusta, daidai daminarmu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa da ruwan Agusta, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen damina, sannan ya yi ta ja da baya har Mayu. Wanda ya gwada rijiya a ƙarshen Agusta, ya ga ruwa na ambaliya, ya rataye famfo daidai da wannan zurfin, to a Afrilu famfon iska zai riƙa zuƙa, kuma lokacin ne garin ya fi bukatar ruwa, ga zafi ga dabbobi sun dawo kan rijiya. In ba za a iya maimaita gwajin da bazara ba, a tafi wurin tsofaffin masu haƙar rijiya da matan da ke jan guga, a yi musu tambaya ɗaya: "Baba, gaba nawa igiya ke ci da kaka, nawa take ci gab da faɗuwar ruwa?" Kowace gaba ta kusa mita 2. Wannan amsar ta fi awon rana ɗaya daraja, domin shekara da shekaru aka yi ana tara ta.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Tsakiyar jihar da kudancinta, su Dutsin-ma da Malumfashi da Funtuwa, a kan tsohon dutse suke. Ruwa a can yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, shi ya sa za a samu ruwa a nan, a matsa mita 50 a haƙa busasshen rami. Dole a auna ƙasa da na'urar da ke tura lantarki cikinta kafin a kawo motar haƙa, kuma da guduma da kwampireso ake haƙa. Arewa kuwa, wajen Kaita da Jibiya da gabashin Daura, su Zango da Ɓaure, akwai shimfiɗar yashi da yumɓu. Nan da ruwan laka ake haƙa, kuma fitinar wurin ita ce yashi ya riƙa biyo ruwa yana cinye famfo.

Galibin rijiyoyin da suka mutu da wuri, a ranar da aka zura kesin, wato bututun da ke riƙe bangon ramin, aka kashe su. Duk mita ɗaya da aka haƙa, a ɗebi ƙasar da ta fito a jera a gefe, a rubuta zurfinta. Da wannan jerin ake sanin inda za a sa bututu mai tsaga-tsaga, wato sikirin, ya yi daidai da yashin da ke ɗauke da ruwa, ba yumɓu ba. Kesin yakan zo da tsawon mita 3, don haka ɗalibi ya tsaya a bakin rami ya ƙirga da idonsa, domin da mita ake biyan ɗan kwangila, kuma abin da ya shige ƙasa ba mai sake ganin sa. Tsakuwar da ake zubawa tsakanin kesin da bangon rami ta zama ta rafi, mulmulalliya, wankakkiya, mai girman milimita 2 zuwa 4. Fasasshen dutsen gini ko marmara ba sa tace yashi, toshe sikirin suke yi. Daga nan a hura rijiyar da iska har ruwa ya fito garau, ko da zai ci awoyi. A cika farin bokiti, a bar shi ya kwanta, a duba gindinsa. Sai kuma abin da aka fi yin ha'inci a kansa: mita 5 zuwa 6 na sama a cike su da kunun siminti. In aka mayar da ƙasar haƙa a wurin, ruwan kwata da fitsarin dabbobi za su bi jikin kesin su gangara cikin ruwan sha, kuma daɓen da aka yi a sama, komai kyansa, ba zai tare su ba. Masai ya yi nisan mita 30 aƙalla, kuma kada ya kasance a tudun rijiyar.

Sola ta zo da nata ruɗin. Gari mai mutum 1,000, kowa lita 20 a rana, lita 20,000 ke nan, ba a sa dabbobi ba, alhali saniya ɗaya kan sha lita 20 zuwa 30 da zafi. Rana mai ƙarfin juya famfo sosai ba ta wuce awa 6 ba, saboda haka ana bukatar fiye da lita 3,300 a awa. In gwaji ya nuna rijiyar lita 1,800 take bayarwa a awa, abin da za a samu lita 10,800 ne, ko an so ko an ƙi. Sayen babban sumo, wato famfon da ake zurawa cikin ruwan rijiyar, ba ya ƙara wa ƙasa ruwa. Zai zuƙe rijiyar ne ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. A zaɓi famfo ƙasa da ƙarfin rijiyar, a sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ja, a rataye shi sama da sikirin, a gaya wa mai gari gaskiyar adadin tun kafin a kafa tanki. Tankin lita 10,000 kuwa tan 10 ne a kan ƙarfe, ga iskar farkon damina da ke kwashe rufin ɗakuna. Allunan sola suna son gogewa da hunturu saboda ƙura, suna kuma son walda da mai gadi.

Inda tuƙa-tuƙa ya fi dacewa, a auna tsamin ruwan tukuna. In ma'aunin tsamin, wato pH, ya gaza 6.5, bututun ƙarfe irin na famfon India Mark II zai yi tsatsa, ruwa ya yi ja, mata su ƙaurace masa su koma tafki. Famfon Afridev mai bututun roba yana jan ruwa har mita 45, kuma mutum biyu na iya zaro sandunansa su canza robar da ta cinye ba tare da kiran mota ba. Kowane iri ne, a tabbatar ana samun kayan gyaransa a kasuwar Katsina ko Daura. Na'urar da aka zo da ita a akwati daga waje, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan.

Kafin a buɗe wa jama'a, a wanke rijiyar da kulorin. Kesin mai faɗin inci 5 yana ɗaukar kusan lita 12 a kowace mita. In tsayin ruwan mita 30 ne, lita 360 ke nan, kuma giram 28 na garin kulorin da ake kira HTH, kamar cokalin cin abinci biyu, zai ba da miligiram 50 a lita. A dama a bokiti, a zuba, a bar shi ya kwana, a yi ta bugawa har warin ya tafi. Sannan a kai ruwa ɗakin gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar cutar E. coli, mai nuna gurɓatar najasa, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, na fuloraid 1.5. A gwada na randa ma, domin ruwa kan fito da tsabta daga famfo ya lalace a jarka da moɗa.

Kuɗin gyara tun ranar farko ake fara tara shi, ko a kan jarka ko a kan gida, makiyaya su biya na kwamin dabbobi, kuma mata su kasance cikin masu riƙe asusu tun da su ne ke fara sanin famfo ya yi nauyi. Ɗalibai za su koma aji, wasu su gama karatu kafin rijiyar ta ga bazararta ta biyu. Saboda haka takardar rijiyar, mai ɗauke da zurfi da wurin sikirin da inda famfo ke rataye da sakamakon gwaji, a rubuta ta da Hausa a yi kwafi uku: ɗaya wurin kwamitin gari, ɗaya sashen ruwa na ƙaramar hukuma, ɗaya hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara ta jiha, wato RUWASSA.