Ƙuri'ar murya da haƙƙin mutanen Zariya na sanin matsayin wakilansu

Tun daga shekarar 2011 Alhaji Tajudeen Abbas, Iyan Zazzau, yake wakiltar mazaɓar Zariya a Majalisar Wakilai ta tarayya, kuma a ranar 13 ga Yunin 2023 takwarorinsa suka zaɓe shi kakakin majalisar da ƙuri'u 353 cikin 359 da aka kaɗa. Dalilin da ya sa muka san wannan adadi daki-daki shi ne yadda aka gudanar da zaɓen, domin kowane ɗan majalisa an kira sunansa ya faɗi wanda yake goyon baya a bainar jama'a. Abin da ke damuna shi ne, irin wannan ƙidaya ba kasafai ake yin ta ba idan aka zo kan dokokin da suka shafi rayuwarmu kai tsaye.

Duk wanda ya taɓa kallon zaman majalisar a talabijin ya san yadda abin yake tafiya. Bayan an gama muhawara, shugaban zaman yakan nemi masu goyon baya su ɗaga murya, sannan ya nemi masu adawa su ɗaga tasu, daga nan ya yanke hukunci da abin da kunnensa ya jiye masa, ya buga guduma. Wannan ita ce ƙuri'ar murya. Ba a rubuta sunan kowa, ba a ƙirga hannun kowa, kuma ba mai iya tabbatar da wanda ya yi shiru ko wanda ma bai shigo zauren ba. Majalisar da ke da kujeru 360 tana iya zartar da ƙuduri cikin daƙiƙoƙi kaɗan, washegari kuma kowane wakili ya koma mazaɓarsa ya faɗi abin da ya ga zai yi wa mutanensa daɗi.

Wannan al'ada ta fi fitowa fili a watan Maris na 2025, lokacin da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya shardanta amincewar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato mutum 240 a Majalisar Wakilai da 73 a Majalisar Dattawa, amma duka majalisun biyu da ƙuri'ar murya suka amince. Ba ina magana a kan dacewar dokar ta-ɓacin ko rashin dacewarta ba ne, wannan muhawara ce daban. Abin da nake cewa shi ne, kunne ba ya ƙirga mutum 240, kuma inda tsarin mulki ya ambaci adadi, to wajibi ne a nuna wa jama'a adadin.

Ba kuma wai abin ya gagara ba ne. A watan Yulin 2021, da aka yi taƙaddama a Majalisar Dattawa kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage sai an kira kowa da sunansa. Sanatoci 52 suka tsaya a ɓangare guda, 28 a ɗaya ɓangaren, jaridu kuma suka buga sunayensu tare da na waɗanda ba su halarta ba. Haka nan a ranar 1 ga Maris na 2022 an yi amfani da na'ura wajen kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyaren tsarin mulki guda 68. Hanyar tana nan, a nawa ganin niyyar bin ta a kullum ce ta yi ƙaranci.

A nan Zariya kuwa, abin da ke isowa gare mu daga wakilanmu, na tarayya da na jiha, wani abu ne daban. Daga Ƙofar Doka zuwa PZ har Samaru, allunan talla ne ɗauke da hotuna, a Facebook da WhatsApp kuma bidiyon rabon tallafi ne, da fitilu masu amfani da hasken rana, da rijiyoyin burtsatse, da tituna. Ba na raina waɗannan ayyuka ko kaɗan, domin matar da ta huta da sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ita ta san darajar rijiyar da aka haƙa a unguwarsu. Sai dai babban aikin ɗan majalisa shi ne yin doka da sa ido kan yadda ɓangaren zartarwa ke kashe dukiyar ƙasa, kuma a kan wannan aikin ne muka fi ƙarancin labari. Mun saba auna wakili da abin da ya kawo gida, ba mu saba tambayarsa matsayin da ya ɗauka kan kasafin kuɗi, ko karɓo bashi, ko dokokin haraji da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka nuna rashin amincewa da wani ɓangarensu, kafin a yi musu gyara a sa musu hannu a watan Yunin 2025.

Matsayin kakaki yana da nasa hukunci. Sashe na 56 na tsarin mulki ya hana mai shugabantar zama kaɗa ƙuri'a sai idan an yi kunnen doki, saboda haka ba za a auna Iyan Zazzau da ƙuri'arsa ba, sai dai da ƙudurorin da ya ɗauki nauyi da kuma yadda yake riƙe guduma. Lokacin da yake neman kujerar an yi ta bayyana cewa ya gabatar da ƙudurori 74 a majalisa ta tara, wato zangon 2019 zuwa 2023, 21 daga ciki sun zama doka, kuma wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo. Amma akwai ƙudurori biyu da suka fito da sunansa waɗanda ya kamata mu riƙa tunawa da su. Na farko shi ne na hukunta ayyukan zagon ƙasa, wanda ya janye a watan Agustan 2024 bayan jama'a sun yi ca a kansa, kwanaki kaɗan bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da ta kai ga sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Na biyu shi ne na tilasta wa 'yan ƙasa fita zaɓe, wanda ya tsallake karatu na biyu a watan Mayun 2025 kafin shi ma a janye shi.

Janye ƙudurorin nan alama ce ta sauraron jama'a, kuma na yaba da hakan har zuciyata. Duk da haka, ina ganin da a ce an kawo su gida tun farko, an zauna da malaman Jami'ar Ahmadu Bello da lauyoyi da 'yan kasuwa da matasan gari, da tun a nan za a ji abin da aka ji daga baya a faɗin ƙasa. Garin da yake da tsangayar koyar da shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo bai rasa masu karanta ƙudurin doka su faɗi illarsa ba. Haka kuma ƙudurin da ya tsallake karatu na biyu akwai waɗanda suka mara masa baya a zauren, amma ƙuri'ar murya ta ɓoye mana ko su wane ne.

Saboda haka roƙona ga kakakin majalisa, a matsayina na ɗan mazaɓarsa, shi ne ya yi amfani da wannan dama ya jagoranci gyara dokokin majalisar, ta yadda kasafin kuɗi da karɓo bashi da haraji da duk wani batu da tsarin mulki ya shardanta masa adadi za a riƙa kaɗa musu ƙuri'a da suna, a kuma wallafa sakamakon tare da rajistar halarta, har da fassarar Hausa da za a iya karantawa a rediyo. Wannan roƙo ya shafi wakilin Sabon Gari da sanatan Kaduna ta Arewa, ya kuma shafi wakilanmu a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, domin duk wani gyaran tsarin mulki sai ya samu amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma idan ya iso Kaduna muna da haƙƙin sanin wanda ya amince da shi da wanda ya ƙi.