Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makarantar Kawu a Gadarif

Makon jiya na tsaya ne a inda na baro Mai Wurno na koma Gadarif, a gabashin Sudan, gidan kawuna, ina taya wani attajiri awo a kasuwar riɗi da dawa. Ina kan wannan aiki yaƙin Tigray ya ɓarke a Habasha a watan Nuwamba na 2020. Mutane suka yi ta tsallakowa ta Hamdayet, garin kan iyaka, aka sake buɗe tsohon sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, ƙungiyoyin agaji suka cika gari suna neman mai Larabci da zai iya rubuta musu bayani da Turanci. Wata daga cikinsu ta ɗauke ni aikin sito, ina lissafin buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita.

Turancina na makaranta ne, kuma duk wanda ya yi karatu a Sudan a zamaninmu ya san irinsa: ƙa'ida a kai, baki a ɗaure. Kawu ba haka ya taso ba. Ya yi sakandaren Hantub, tsallaken kogi daga Wad Madani, tun ana koyar da darussa da Turanci, kafin a soma mayar da sakandare Larabci a 1965, jami'o'i kuma su biyo baya a 1990. Da ya ji aikin da na samu, sai ya sa doka: kullum bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a kawo shayi, in zo da littafin rubutu.

Na zaci da sunayen kaya zai soma. Sai ya ce, "Ɗana, buhu kowa na iya nuna shi da yatsa. Aikinka isar da magana ne, a nan ake samun mutum da laifi ko a wanke shi."

Ya soma da say da tell. Ya ce say maganar kawai take ɗauka, ba ruwanta da kunnen da ya ji. Tell kuwa ba ta tafiya sai da mutum a gabanta: tell him, tell the driver. "In ka rubuta I said, babu wanda ka ɗora wa nauyi. In ka rubuta I told the driver, direba ya ji ke nan, gobe ba zai ce bai sani ba." Wallahi a nan na fara ganin nahawu yana da alaƙa da amana. A sito, inda abincin mutanen da suka baro gidajensu da ƙafa ke hannunka, sanin wa aka gaya wa, kuma yaushe, ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran muka bi su a hankali. Inform ta ofis ce, ta takarda da sa hannu. Report sama take hawa, daga ni zuwa shugabana. Announce ta taro ce, kamar mai shela a ƙofar fada. Warn kuwa ya ja mini kunne sosai a kanta, ya ce kada in ɓata ta a kan ƙaramin abu, in ajiye ta sai akwai haɗari. Da damina ta sauka, baƙar ƙasar nan ta Gadarif ta zama laka mai riƙe babbar mota, warn ɗin na sa a saƙon da na aika game da hanyar sansani, kuma aka ɗauki maganar da nauyinta, aka dakatar da lodi.

Wadda Kawu bai taɓa aminta da ita ba ita ce share, wadda ma'aikatan ƙungiyar ke sa wa a kusan kowane saƙo. Ya ce tana da daɗin ji, amma ba ta nuna ko umarni aka ba ka ko labari kawai. Ni ma ra'ayina ke nan har yau. Duk wanda ya ce zai yi mini share ɗin wani bayani, nakan tambaye shi cikin ladabi abin da yake so in yi da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo tafiyata ta farko zuwa Hamdayet, bakin kogin Setit, da dattijuwar da na yi wa tafinta a can.