Kafin ku sayi wayar wufa, ku duba bayanta

Ƙannena, kafin ku tambayi wace waya ce ta fi kyau, ku juya wufar, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri (bass), ku duba bayanta. Idan tana da wayar wuta tata, amfilifaya na cikinta, wayar RCA, wato wayar sauti mai zagayayyen baki da tsinke ɗaya a tsakiya, guda ɗaya ta ishe ta, daga ramin da aka rubuta Sub Out ko LFE a bayan na'urar da ke aika mata sauti. Idan ba ta da wayar wuta, wayar sifika take so, mai kauri. A ma'aunin kaurin waya na AWG lamba na raguwa kauri na ƙaruwa: 16 ta wadatar idan kusa ne, 14 ko 12 idan da nisa.

Tawa mai amfilifaya ce. Da ta fara ƙugi sai na ɗora wa waya laifi, na sayo mai tsada mai bakin zinare. Ƙugin ko gezau. Zinaren nan tsatsa kawai yake hanawa, ba ya ƙara wa sauti komai. Abin da ake aika wa wufa ba ya wuce 120 Hz, wato kaɗawa 120 a daƙiƙa, galibi ma a 80 ake yankewa, kuma duk wayar kirki za ta ɗauki wannan.

Ashe ni na jawo. Wutar lantarki tana kaɗawa a 50 ko 60 Hz, daidai inda wufa ta fi ji, ni kuwa don son tsari na ɗaure wayar sautin da wayoyin wuta a dami ɗaya, na kuma jona wufar a wani soket daban da na sauran na'urorin. Ku raba su. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Ku jona komai a wuri ɗaya. In ƙugin ya ƙi tafiya, ku zare wayar eriya ku saurara, sau da yawa ita ce mai laifin. Wasu kan karya ƙafar filogi ta uku don ƙugin ya ɗauke. Kada ku kuskura, ita ce ke kare ku daga jan wuta.

Abin dubawa a wayar shi ne saƙar jan ƙarfen da ta lulluɓe ta daga ciki, da baki mai kamawa gam. Idan tazarar ta yi yawa kuma wufar da na'urar da ke aika mata sauti suna da ramin XLR mai tsinke uku, ku bi ta nan. Tsawon kuwa sai kun samo inda wufar ta fi daɗin ji a ɗakin, sannan ku auna ta jikin bango, ku ƙara 'yar rara.