"Ai yara ba su yi ƙorafi ba"

Laraba. Hazo ya rufe Sabon Gari tun asuba, leɓena duk ya tsage.

Yau na zaro kayan cikin babban piyanon nan na zauren makarantar, na shimfiɗa a tebur. Hunturu ya yi masa aiki: katako ya tsuke, sukurori sun saki, wasu gudumomin da ke bugun wayoyin sauti sun karkace suna gogar na kusa da su. Ulun ƙarƙashin madannai ma ɓera ya ɗanɗana.

Ina cikin awo sai ga shugaba. "Malam, ba makon jiya ka saita masa sauti ba? Me kuma ka kwance?"

Na ce ranka ya daɗe, wancan ɗaurin waya ne, wannan kuwa tafiyar guduma ce. Na nuna masa da rula: madanni ya nutse wajen milimita 10, guduma ta taso daga nisan kusan milimita 46, ɗan ƙaramin katakon da ke ingiza ta kuma ya zame saura kamar milimita 2 ta kai waya, ta ƙarasa da kanta. In ya zame da wuri, yaro zai taɓa a hankali ya ji shiru. In ya makara, guduma ta manne wa waya ta shaƙe sautin. Haka za a bi duka 88.

Ya ce, "To ai yara ba su yi ƙorafi ba."

Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya har yanzu. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da madannai a haka, ina zai san akwai wanda ya fi? Sai dai ya saba dukansu kamar mai daka. Tun 1821 Erard, wani maƙerin piyano a Faransa, ya fito da dabarar maimaita sauti da sauri ba sai madanni ya dawo sama duka ba, amma a nan 'yan sifirin ɗin da ke wannan aikin da yawa sun saki jiki. Na danna masa ɗaya sau biyu a jere, na biyun bai fita ba. Ya dubi agogo, ya tambayi nawa ne kuɗin aikin.

Da rana, masa a Tudun Wada. Yaya ne ya biya, abin mamaki.

Wuta ta ɗauke wajen la'asar, da tocilan a baki na gama ɓangaren hagu. Shugaba ya ce zai kira ni kan kuɗin. Maman yara ta ce kar in taɓa sauran sai na ga rabi a hannu.