Mako uku a gaban Nickelodeon da littafi da biro

Gardama ce ta jawo wannan aiki. Matata tana cewa yaranmu suna ƙaruwa da abin da suke kallo, ni kuma ina cewa hayaniya ce kawai da ɓata lokaci. Rannan ta ce in faɗi sunan shiri ko ɗaya daga cikin waɗanda nake kushewa, sai na rasa ta cewa. Shekara da shekaru tashar Nickelodeon tana kunne a falonmu, ban taɓa zama na kalli shiri guda daga farko har ƙarshe ba. Shi ne na ɗauki littafi da biro, na yanke cewa mako uku zan yi ina zama da su duk sanda na samu sarari, ina rubuta lokaci, da sunan shiri, da abin da yaran suke yi yayin kallo. Idan sun kwanta da dare kuma in koma karanta tarihin tashar. Yaran biyu ne, namiji ɗan shekara 10 da ƙanwarsa 'yar shekara 4.

Makon farko bai ƙare ba na gane cewa jadawalin ba kara-zube aka jera shi ba. Yana bin ranar yaro ne ƙafa da ƙafa. Da safe, lokacin da manyan yara suke makaranta, shirye-shiryen ƙanana ne, magana a hankali, launi mai haske, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da yamma sai sauri ya ƙaru, barkwanci ya yi kauri. Na duba na ga tsarin tsoho ne: a 1988 aka ware sashen Nick Jr. don yaran da ba su shiga makaranta ba, kuma tun 1985 a Amurka ake ba manya dare da sunan Nick at Nite, inda ake maimaita tsofaffin wasannin ban dariya bayan yara sun yi barci.

Asalin tashar ya ba ni mamaki. A ranar 1 ga Disamba 1977 kamfanin Warner ya fara gwajin wani tsarin talabijin na kebul mai suna QUBE a birnin Columbus na jihar Ohio, wato tashoshin da ake kai wa gidaje ta waya, sai wanda ya biya kuɗin wata. Cikin tashoshin akwai ta yara, wadda ke nuna shirin Pinwheel na Dokta Vivian Horner. A ranar 1 ga Afrilu 1979 aka buɗe ta ga ƙasar baki ɗaya da sunan Nickelodeon, sunan da aka aro daga ƙananan gidajen sinima na farkon ƙarni na 20 da ake shiga da santi 5. Babu talla ko ɗaya a cikinta, shirye-shiryen kuma galibinsu na ilimi ne, irin waɗanda iyaye ke yabawa. Matsalar ita ce yaran ba sa kallo. Zuwa 1984 tashar tana asara, tana can ƙasan jerin tashoshin kebul.

A nan na daɗe ina tunani, domin da a ce ni aka ba tashar, irin wancan jadawalin zan tsara: darasi a bayan darasi, kamar mai ɗura wa yaro magani. Geraldine Laybourne, wadda ragamar tashar ta koma hannunta a wannan shekara, tsohuwar malamar makaranta ce, amma ba ta ƙara darasi ba. Ita da abokan aikinta sun rika zama da yara suna tambayarsu me suke so, me ke damunsu. Aka kawo Fred Seibert da Alan Goodman suka sauya wa tashar kama, tambarin nan ruwan lemo ya fito, aka fara karɓar talla. Koren ruwan nan mai yauƙi da ake sheƙa wa mutane a ka, wanda ya zama alamar tashar, daga wani shirin Kanada ya samo asali, You Can't Do That on Television, inda duk wanda ya ce bai sani ba sai a kwara masa. A 1986 gasar Double Dare ta zo, yara suna amsa tambaya suna birgima cikin ƙazanta suna dariya. Yaro ya ga wuri guda a duniya da ba a ce masa zauna ka natsu.

Sauran tarihin ya zo da sauri. A ranar 11 ga Agusta 1991 tashar ta fitar da katun uku nata na kanta, Doug da Rugrats da Ren & Stimpy, a zamanin da katun da yawa don sayar da kayan wasa ake yin su. SpongeBob, katun ɗin wani soson teku wanda ɗana ba ya gajiya da shi, ya fara a 1999, kuma mai ƙirƙirarsa Stephen Hillenburg ya koyar da ilimin halittun teku kafin ya koma zane. Da na faɗa wa yaron haka, sai ya ce, “Baba, ashe soson nan akwai shi da gaske a teku?” Daren nan mun kai awa guda muna duba hotunan halittun ruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wajen ƙaramar na same shi. Tana son Blue's Clues, shirin shuɗiyar karyar nan mai barin sawun ƙafa a kan abubuwa domin a gano abin da take nufi. An fara shi a 1996, aka sabunta shi a 2019. Mai gabatarwa yakan dubi yaro kai tsaye ya yi tambaya, sannan ya yi shiru. Shirun yana da tsawo, har babba ya ji kamar na'ura ce ta tsaya. Kwana biyu na farko, da ya yi tambaya sai in yi wuf in ba ta amsa, ina ganin taimako nake yi. A rana ta uku ta juyo ta ce, “Baba, ni yake tambaya.” Na kama bakina. Na ga ta ƙura ido, ta motsa leɓe, ta nuna allo da yatsa, sannan ta faɗi amsar da ƙarfi. Daga baya na karanta cewa da gangan aka sa wannan shirun, kuma masu shirin sukan gwada labarin a gaban ƙananan yara kafin a fitar da shi. A shekarun farko ma kashi ɗaya ake nunawa kwana biyar a jere, Litinin zuwa Juma'a, domin yaro ƙarami maimaici ba ya gundurarsa, ƙara ƙwarewa yake yi. Na duba littafina na ga haka ɗin ne: kashin da ta taɓa gani shi ta fi yawan magana a cikinsa.

Wannan ya bi ni har wajen talabijin. Na lura ko a hira, idan na tambaye ta abu, ba na ba ta daƙiƙa uku kafin in ƙarasa mata. Yanzu ina ƙirgawa a zuci har goma. Sau da yawa amsar tana fitowa a wajen bakwai.

Talla kuwa ita ce wurin da na ga aikin iyaye ya fi yawa. A Amurka dokar talabijin ta yara ta 1990 ta ƙayyade talla a shirin yara, minti 12 a awa a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako. Ko da wannan iyaka, 'yar shekara 4 ba ta bambance inda labari ya tsaya da inda ciniki ya fara. Sai na mai da shi wasa: duk wanda ya fara gane talla ya ɗaga hannu, ya faɗi abin da ake so mu saya. Babban ya ƙware cikin kwana biyu, har yana yi wa ƙanwarsa bayani. Ita har yanzu sai an tuna mata.

Na kuma ci karo da wani abu da ban zata ba. A 2004 da wasu shekaru bayan nan tashar ta bi al'adar ware rana ɗaya a shekara ta dakatar da shirye-shirye na awa uku, allo yana gaya wa yara su fita su yi wasa. Mun ari wannan a gida, sai dai mu duk Asabar muke yi, kuma ni ma wayata tana shiga aljihun tebur.

Da makon uku ya cika na miƙa wa matata littafin. Shafi 31 ne, kuma rabinsa maganganun yaran ne na rubuta, ba sunayen shirye-shirye ba. Ta karanta a natse, ta ce in nuna mata shirin da har yanzu ban gamsu da shi ba. Na nuna mata guda biyu da nake ganin ihunsu ya fi labarinsu yawa, muka yarda a cire su daga kallon yamma. Sauran muka bari, kuma kujerar da ke kusa da ƙaramar a safiyar Lahadi ta zama tawa.