Ranar karɓar kuɗin sintiri

Asabar, ƙarshen wata.

Ruwan jiya bai ɗauke ba sai gab da asuba. Muna fitowa daga masallaci na tare shugaban 'yan sintirinmu, na ce yaya aka kwana. Ya ce lafiya lau, sai dai an kwance batirin fitilar sola ta layin makarantar allo. Ban yi mamaki ba. Damina kakar ɓarayi ce a irin unguwarmu ta bayan ganuwar Zariya: ruwa na dukan kwano, ko ƙofa ake ɓallewa ba mai ji, karnuka sun lafe, ga masara ta yi tsawo a filayen da ba a gina ba, mutum na shiga sai ya ɓace.

Na sha koko, na ɗauki littafi da rasit. Ni ne ma'ajin ƙungiyar unguwa, aikin da kowa ya ƙi ranar zaɓe har ya faɗo kaina. Naira 1,000 kowane gida a wata, shago 500. Ni da sakatare muka fara daga layin ƙasa, inda gidajen haya suka fi yawa.

Layin ƙasa ba ya ba mu wahala. Ɗaliban da ke haya a nan yawanci ta waya suke turowa, wasu tun kafin mu zo. Akwai kuma wata tsohuwa mai ƙosai da kwamiti ya yafe wa tun rasuwar mijinta. Mun zo wucewa ta kira mu.

"Ɗan nan, yau ma tsallake ni za ku yi?"

"Inna, ai an ɗauke miki."

"Wa ya roƙe ku? Ƙarfe huɗu nake fitowa hura wuta, yaran nan ne ke haska mini har in ɗora kasko. Ungo."

Ta kwance haɓar zani ta ƙirgo mini tsofaffin ɗari bibbiyu guda biyar, duk sun sha mai. Na rubuta mata rasit, ta ce in ba jikarta ta adana.

Layin sama ne ya cinye mana rana, layin dogayen katangu da waya mai ƙaya. A gida na farko mai gadi ya ce maigidan ya yi tafiya, alhali ga motarsa ina hange ta ƙasan get. Na biyu aka ce mu dawo. Na uku dai maigidan ya fito da kansa, muka gaisa sosai, har da tambayar iyali, sannan ya ce:

"Malam Ma'aji, ni fa ina da mai gadi, ina da kyamara, ina da sola. Me sintirinku zai ƙara mini?"

Na ce, "Alhaji, mai gadinka a cikin gida yake. Daga bakin titi zuwa get ɗinka fa, wa ke tsare da wurin idan ka dawo da dare?"

Ya yi dariya ya ce zai duba. Wata na huɗu ke nan yana dubawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne na san yadda aka faro abin. A 2021 aka kafa ƙungiyar nan, shekarar da masu garkuwa suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni suka kwashi malamai da ɗalibai, unguwannin gefen Zariya kuma ba a barci da ido biyu rufe. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin jiha ta hana hawa babur na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi. A lokacin mutanen layin sama ne kan gaba a taro. Su suka kawo shawarar a sa wa unguwa get, su suka ce a ɗauki 'yan sintiri goma, wani ma cewa ya yi dubu ɗaya ta yi kaɗan. Da aka samu sauƙi, tsoro ya kwanta, sai aljihu ya rufe. Yanzu masu sayar da ƙosai da masu tura baro ne ke biyan kuɗin tsaron titin da manyan motoci ke bi.

'Yan sintirin ma sun koma shida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗan alawus ɗin da muke ba su ya daina kai su ko tsakiyar wata. Ɗaya ya koma tuƙa keke Napep, wani ya tafi ƙwadago gona, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya kwana a tsaye cikin ruwa da gora da tocila da usur, gari ya waye a ce masa ya yi haƙuri ba a gama tarawa ba. Gwamnatin Kaduna ta ɗauki mutum 7,000 aikin KADVS, wato rundunar 'yan sintiri ta jiha, a 2023, muna kuma gaisawa da na yankinmu, amma lunguna sun fi su yawa. Mai jin ihun layinmu da ƙarfe biyun dare dai yaranmu ne.

Bayan la'asar aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. Maganar lokacin rufe get ce ta fi zafi. Dattawa na son ƙarfe goma. Wani tsoho ya ce a zamanin da, birnin Zazzau da ganuwarsa da ƙofofinsa, dare na yi sarkin ƙofa ke rufewa, wanda ya makara ya kwana a waje, ba a kuma mutu ba. Sai wani ma'aikacin jinya da ke aiki a asibitin Shika ya ce, "Baba, a lokacin ba mai aikin dare a Shika." Aka yi dariya. Mai shayi ya ce shi cinikinsa ma sai goma yake farawa. Wani ya kawo maganar mace mai naƙuda, nan kowa ya yi shiru. Aka tsaya a kan sha ɗaya, ƙaramar ƙofa kuma a bar ta da ɗan sintiri riƙe da makulli har asuba.

Sai maganar batiri. Matasa sun ce sun san wanda ya ɗauka, wani yaro ɗan jari bola, a ba su dama su koya masa hankali. Mai unguwa ya ce wa ya gan shi da ido? Ba kowa. Ya ce ko an kama mutum da kaya a hannu, a riƙe shi a kira 'yan sanda, wanda ya ɗaga gora a kan wani shi zai kwana a caji ofis, ƙungiya ba za ta je belinsa ba. Na ji daɗin wannan magana. Yaron da suke zargi almajiri ne da ba shi da kowa a garin nan, shi ya sa bakinsu ya yi saurin kai wa gare shi. An kuma sake jaddada wa dillalai cewa duk sabon ɗan haya a kawo shi gaban mai unguwa kafin a ba shi makulli.

Sakatare ya so a saka sunayen waɗanda ba su biya ba a WhatsApp na unguwa. Ni har ga Allah raina ya so. Mai unguwa ya ce tonon silili ba ya kawo kuɗi, gaba yake kawowa, shi da liman za su taka layin sama da kansu bayan Juma'a. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, a fara da gida na uku."

Bayan isha'i na ƙirga abin da aka tara. Ya biya mutum biyar cif, na shida rabi. Shugabansu ya ce a ba yaran nasu cikakke, shi a bar masa rabin zai jira. Batiri sai wani watan. Gobe idan na shiga kasuwar Sabon Gari zan tambayi kuɗin rigar ruwa, don biyu daga cikinsu da buhun leda suke rufa.