Tukunyar gas ɗin da ta kusa raba ni da waldar TIG

Na daɗe ina waldar ƙofofi da tagogi da ilaktirod kafin in sa kaina koyon TIG, wadda 'yan sana'a suka fi kira waldar argon. Aikin sitenles, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, shi ne ya ja ni. Ya yi yawa a Kano, daga ƙarfen dafa hannu na bene zuwa kantar shago da tankunan masu ruwan leda, kuma duk wanda ya kawo min irinsa sai dai in tura shi gaba ina kallo. Na tara kuɗi na sayi ƙaramin inji mai wutar DC da regileto mai daidaita fitar gas da tukunya, na kai wa wani mai cika gas na ce a sa min argon. Ya cika, na biya, na ɗora a Keke Napep.

Batun riƙe toci, wato mariƙin da wutar waldar ke fitowa daga shi, da hannun dama ana tura wayar ciko da hagu, wannan hannu ne ke koya, ba baki ba, kuma da sannu yake zuwa. Abin da ya hana ni barci daban ne. Da zarar na kunna wuta sai bakin tangistin, siririn ƙarfen da ke cikin tocin wanda ke ɗaukar wutar, ya yi baƙi ya soma cinyewa, tsartsatsi na tashi, alhali kowa ya san TIG ba ta tsartsatsi. Layin waldar ya fito toka-toka, da ƙananan huji, da baƙin hayaƙi gefe da gefe. Duk wanda na nuna wa amsarsa ɗaya ce: sabon hannu ne, kana tsoma tangistin cikin narkakken ƙarfe. To sabon hannun ne, da wane baki zan musa? Sai in koma kan giranda in sake feƙe baki, in dawo, cikin daƙiƙa kaɗan ya sake ƙonewa. Haka na cinye fakitin tangistin mai milimita 1.6 sukutum, na lalata guntayen bututun sitenles mai lamba 304 da na sayo a Ƙofar Ruwa da kuɗina. Har wani aikin ƙarfen bene da na karɓi kafin alƙalaminsa na mayar wa mai shi, don ba zan kai masa wannan ƙazanta ba. Wannan aiki har yau yana min ciwo.

Wanda ya warware min matsalar wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana waldar bututu a masana'antun Sharaɗa. Na kai masa guntun da na yi, ya juya shi, bai ce komai a kan hannuna ba. Sai ya ce, "Ɗan nan, ɗauko min tangistin ɗin." Ya dube shi ya ce mu je shagon. Ya goge wani faranti tas, ya ɗora toci, ya kunna wuta wuri ɗaya, bai motsa ba, bai sa waya ba, ya kashe, ya bar tocin a wurin har gas ya gama fita. Wurin ya yi baƙi, tangistin ma ya yi baƙi.

"Ka gani? Na taɓa ƙarfen?"

"A'a, Baba."

"To wannan ba argon ba ne zalla. Na masu MIG aka ba ka."

Bayanin da ya yi min gajere ne, amma da shi na fahimci sana'ar gaba ɗaya. Tangistin ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, shi ya sa yake ɗaukar wutar ba tare da ya ƙare ba. Amma idan ya yi ja, iskar oksijin na cin sa nan take. Aikin argon shi ne ya lulluɓe shi da narkakken ƙarfen, ya kori iskar waje, don shi ba ya haɗuwa da komai. Gas ɗin MIG kuwa, wata waldar da inji ke tura waya da kansa, ana gauraya argon da kabon dayokzaid, sau da yawa kashi 20 ko 25 cikin 100, kuma cikin zafin wutar kabon dayokzaid ɗin yana fashewa ya saki oksijin. Wato da kuɗina na sayi abin da ke cinye min tangistin, ina ta zargin yatsuna.

Na koma wurin mai gas. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Oga, ai duk masu walda shi suke saya." Ba wannan ne ya fi ɓata min rai ba, sai yadda ya nuna min fentin tukunyar a matsayin shaida, alhali tukwanen nan suna yawo hannu zuwa hannu, wani ya sake fenti, wani ya cika abin da ya ga dama. Tun daga ranar ba na karɓar tukunya sai na yi gwajin da Baba ya yi, a gaban wanda ya kawo ta. Tabon ya fito fari yana ƙyalli, bakin tangistin na nan da tsininsa, sai in biya. In ba haka ba, ya ɗauki kayansa.

Ranar da na sa argon na gaske, wutar ta tsaya cak, shiru, ƙaramin tafkin ƙarfe na sheƙi a ƙasan toci ina ganin komai. Daga nan ne koyo ya fara. Tangistin a tsaye ake feƙe shi, layin giranda ya bi tsawonsa, ba a kwance ba, in ba haka ba wutar ta riƙa yawo. Kuma a ware masa dutsensa, kada a goga shi inda aka goga baƙin ƙarfe. Tazararsa da ƙarfe kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, a ɗan karkata toci kamar digiri 15, waya kuma a gaban tafkin ake ɗiga ta, ba a cikin wutar ba. Ƙa'idar da ake farawa da ita ita ce ƙarfin wuta amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin baƙin ƙarfe, sitenles kuma a rage masa, don yana riƙe zafi wuri ɗaya ya lanƙwashe. Kalarsa ce ke gaya maka gaskiya: fari ko ruwan zinare ka yi daidai, shuɗi zafi ya soma yawa, toka kuwa ka dafa shi, kuma nan ne tsatsa za ta fara kama ƙarfen da aka saya don kada ya yi tsatsa. Idan hannu ya zauna, layin kan fito kamar an jera kwabbai ɗaya kan ɗaya. Nawa bai kai can ba tukuna, amma ba na jin kunyar nuna shi.

Baƙin waldar ya sake dawo min da hunturu, gabana ya faɗi, na ce an kuma. Na yi gwaji a cikin shago, gas lafiya lau. Ashe iska ce. Mu a bakin titi muka saba walda, ilaktirod ba ruwansa da iska sosai, amma TIG ko fankar shago ta isa ta kwashe argon daga kan aikin. Ƙara buɗe regileto ba ya magani, yana ma jawo iskar waje ciki ya kuma ƙarar da tukunya. Lita 6 zuwa 8 a minti sun ishe ni a ƙananan ayyuka, sai dai na kafa kwanon rufi ya tare iska, na kashe fanka, na haƙura da gumi. Kuma idan ka kashe wuta kada ka ɗauke toci nan da nan, bar gas ya gama rufe wurin har ya huce. Duk matsalar ɗaya ce da ta tukunyar can: argon bai isa inda ake buƙatarsa ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ƙarancin hayaƙin TIG yana yaudara. Haskenta na ƙona fata sosai, wuya da damtse su yi ja su saɓule, don haka riga mai dogon hannu da safar hannu ta fata dole ne ko da zafin Afrilu. Mai amfani da tangistin mai jan fenti a ƙarshensa kuma ya rufe hanci lokacin feƙewa, akwai sinadarin toriyam a ciki, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce. Ni na koma mai shuɗin fenti.

Alminiyam ban taɓa ba tukuna. Shi yana narkewa a digiri 660, amma ɓawon da ke kansa sai ya haura 2,000, kuma wutar AC ce ke fasa wannan ɓawo. Injina DC ne kawai. Kuɗin mai AC nake tarawa yanzu, kuma da ban mayar da aikin benen nan ba da tuni na yi nisa.